Amsa ga uwar da ke son koyar da yara huɗu a gida da tsofaffin littattafan Hausa

Tambayar da 'yar uwarmu ta turo a taƙaice ita ce: an yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin gari, sun tare ana tsakiyar zangon karatu, makarantar da ta kwanta mata a rai tana da nisa kuma kuɗinta ya fi ƙarfinsu a yanzu. Ga ta da ɗanyen goyo, ga mahaifiyar maigida ta dawo wajensu da zama bayan ta fita takaba. Yara huɗu ne ban da jariri, babbar mace ce shekara 13, sai namiji 10, sai mace 7, sai ƙaramin mai 4. Tana da kwali guda na littattafan da mahaifinta ya bari, su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da sauransu, tana so ta san ko za ta iya riƙe karatun yaran a gida da su har shekara ta zagayo.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya raya abin da aka samu, Allah ya jiƙan Baba ya kyauta namu zuwan.

Toh, amsar ita ce eh zai yiwu, kuma ma zai iya yi wa yaran amfanin da wata makarantar ba za ta yi musu ba, amma akwai abin da littattafan nan za su ɗauke miki akwai wanda ba za su ɗauke ba, kuma yaran huɗu ba hukuncinsu ɗaya ba. Na daɗe ina koyarwa a firamare, har da makarantar ƙauye inda malami ɗaya yake riƙe aji biyu ko uku a ɗaki guda saboda ƙarancin malamai, don haka matsalar haɗa ƙanana da manya a zama ɗaya na san ta sosai.

Abin da ke karya iyaye mata tun a farko shi ne buɗe makaranta huɗu a falo ɗaya. Ki sayo wa kowa littattafan ajinsa, ki zana jadawali ki manna a bango, ƙarfe takwas wannan ƙarfe tara wancan, kina wajen mai shekara 7 mai 4 yana jan zaninki, jariri ya farka, Hajiya surukarki tana kira a kawo mata ruwan zafi, wallahi sati biyu ba za ki kai ba za ki ji kin tsani abin gaba ɗaya, yaran ma su tsane shi. Ki yi shi yadda kike yin tuwo, tukunya ɗaya ce kike ɗorawa amma kowa da malmalar da ta dace da cikinsa. Littafi ɗaya za ki karanta wa kowa a zama ɗaya da murya a sarari, minti ashirin zuwa rabin awa, bayan nan kowa ya tashi da aikin da ya yi daidai da shekarunsa daga cikin abin da aka karanta ɗin. Mu ba baƙi ba ne a wannan tsari, a makarantar allo kolo da titibiri da gardi duk wuri ɗaya suke zama, na gaba yana biya wa na baya, malam ɗaya yana bisa buzu yana sauraren kowa. Kuma duk wanda ya ce miki karatun cikin gida ba karatu ba ne ki tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilmantar da matan karkara ta hannun jajis, wato malamai mata da ta horar, da ɗalibansu 'yan taru, suna haddacewa suna kai wa na cikin gidaje.

Ki fara da Magana Jari Ce littafi na ɗaya, kar ki yi wani dogon tunani. Abubakar Imam ya gina shi ne da gajerun labarai a cikin babban labari guda, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makirci, Aku yana ta jan hankalin yaron da labari don kar ya fita har gari ya waye. Kinga kowane labari yana ƙarewa a zama ɗaya ko biyu, wanda hakan shi ne daidai da ƙwaƙwalwar ƙananan, su kuma manyan babban zaren ne yake riƙe su, me zai faru da Musa, yaushe asirin Waziri zai tonu. Littattafai kaɗan ne suke iya zaunar da ɗan shekara 4 da 'yar shekara 13 a tabarma ɗaya ba wanda ya ƙosa, wannan yana cikinsu. Kuma Magana Jari Ce ɗin littafi uku ne, in kina tafiya a hankali za su kai ki watanni. Na ukun ma zai ba ki dariya don can Aku ne da kansa ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana.

Da kin rufe littafin kar ki fara da tambayar jarabawa, irin su wane ne ya ce kaza, a wane gari aka yi kaza. Ki juya wajen mai shekara 7 ki ce ke ba ni labarin da kika ji, ki bar ta ta faɗa da bakinta ko ta karkace, kar ki katse ta, in ta tsaya sai mai 10 ya cike abin da ta bari, babbar ta zo ƙarshe. Dalilin fara wa da ƙarama shi ne in babbar ta riga ta kwashe komai ƙananan ba su da abin cewa, sai su koyi yin shiru. Wannan maimaita labari da baki shi ne ƙashin bayan abin duka, a nan yaro ke koyon sauraro da jera magana daki-daki, wanda shi ne dai insha'i kafin a kai ga biro. Masu koyar da yara a gida a Ingila da Amurka suna ji da wannan dabara sosai, suna danganta ta ga wata malama Charlotte Mason da ta rasu a 1923, mu kuma kowace yarinya da ta taɓa jin tatsuniya a bakin kakarta ta je ta ba ƙawayenta ta riga ta yi shi.

Mai shekara 4 ki ƙyale shi. Ya zauna, ya tashi, ya yi wasa da murfin kwano a gefe, yana ji fiye da yadda kike zato, wata rana za ki ji shi yana ba jariri labarin Aku. In yana so ki ba shi alli ko gawayi ya zana, shikenan. Kar ki matsa masa da rubutu yanzu.

Mai 7 ita ce wadda za ki fi ba lokacinki, don shekarun da ake kama karatu ke nan, in ya kuɓuce a nan gyaransa da wuya. Sauraren labari kaɗai ba zai koya mata haɗa baƙi ba, wannan sai an zauna da ita kullum ko minti goma sha biyar ne, ba bi bu, ka ki ku, har ta iya haɗa gaɓa da gaɓa. In akwai Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu a kwalin nan ki ciro su, don aikin nan aka yi su. Sa'ar da muka yi ita ce rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaron da ya san baƙaƙe da wasula cikin 'yan watanni sai ki ga ya kama. Daga labarin ranar ki zaɓo mata jimla ɗaya ta kwafa da kyau a littafinta, ki sa ta nemo kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ a shafin, don yaran yanzu da suka taso da rubutun waya ba sa bambance su sam.

Mai 10 shi zai riƙa karɓar ki karatun, ki karanta shafi biyu ya karanta ɗaya, ranar da goyo ya hana ki ma shi da yayarsa su yi duka kina daga kwance kina gyara musu. Bayan nan ya rubuta layi biyar ko shida na abin da ya faru. Ki ware masa wani ɗan littafi na karin magana, don kanun labaran Imam da yawansu karin magana ne, kamar Banza ta kori wofi, ya rubuta ya je ya tambayi Hajiya ma'anarsa da inda ake faɗarsa. Yaro namiji mai irin shekarun nan in kika ga ya fara gundura ki miƙa masa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ko Ganɗoki na Bello Kagara ya karanta shi kaɗai, akwai doki da takobi da faɗa, ba sai kin roƙe shi ba.

Babbar kuma aikinta ya wuce ba da labari, ita sai ta yi hukunci. Ki ce ta rubuta shafi guda, tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja wa ya fi wani zalunci, ta kawo hujja daga littafin. Ko ta ɗauki sakin layi ɗaya ta mayar da shi Turanci, washegari ta rufe littafin ta dawo da shi Hausa ta gwada da na asali, wannan aikin yana gina harsunan biyu lokaci guda kuma ba ya cin ko sisi. Ki gaya mata tarihin littattafan ma, tana da shekarun da zai burge ta: a 1933 aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai ƙarƙashin Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya a wancan zamani, daga nan aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, Imam yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, Bello Kagara kuma yayansa ne, wanda ya rubuta Shaihu Umar kuwa shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya zama firaminista daga baya. Imam ɗin nan shi ne editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Kuma labaran Magana Jari Ce da yawa ya ɗebo su ne daga na Larabawa da Indiya da Turawa ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne, wannan kaɗai darasi ne ga yarinyar da za ta yi rubutu nan gaba.

Yanzu maganar Hajiya, don a ganina ita ce babbar dukiyar da kika samu a wannan canji ko da yake na san zama da suruka yana da nasa nauyin. Littattafan nan cike suke da kalmomin da ke kanki wataƙila sai kin yi tunani, lifidi, sulke, zagi, madugu, ayari, zango, anini. Hajiya ta san su, wasu ma ta gani da idonta. Matar da ta rabu da mijinta na shekara da shekaru, ta bar ɗakinta da maƙwabtanta ta dawo gidan ɗa, abin da ya fi cin ta shi ne jin ba ta da amfani a wurin. Ki je da ladabi ki ce Hajiya yaran nan ba su san kaza ba ko za ki taimaka mana, ki sa a riƙa yin karatun a ƙofar ɗakinta. Bayan sallar isha kuma ki bar mata fagen, ga ta nan ga ta nanku, su Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, ke ki samu ki huta. Har lissafi za a samu a wajenta, don in labari ya ambaci fam da sule ita za ta gaya musu sule ashirin ne fam ɗaya, kwabo goma sha biyu ne sule, kuma da aka canja kuɗi a 1973 fam ɗaya naira biyu ya koma, sai ki ce wa mai 10 to fam uku da sule goma naira nawa ke nan.

Akwai inda zan ja miki kunne game da zaɓen littafi, saboda halin da gidan yake ciki. Shaihu Umar littafi ne mai kyau ƙwarai, amma labarin yaro ne da aka sace aka raba shi da uwarsa a zamanin bauta, aka ƙetara hamada da shi, uwar ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bauta ta sha wahala har Tarabulus. Yaran da ba su daɗe da rasa kakansu ba, an ɗauke su daga unguwar da suka sani, uwarsu kuma hankalinta ya rabu da sabon jariri, mai 7 da mai 4 ba sa bukatar wannan a yanzu, zai iya hana su barci. Ki ba babbar ta karanta ita kaɗai ku tattauna, ta buɗe taswira ta bi hanyar ayari daga Kano zuwa Murzuk zuwa Tarabulus, ga tarihi ga labarin ƙasa a tafi ɗaya. Jiki Magayi ma na manya ne, ramuwar gayya ce tun daga farko har ƙarshe. Dare Dubu Da Ɗaya kuwa in yana cikin kwalin ki ɗauke shi ki sa a ƙasan akwati, akwai wuraren da ba na yara ba ne ko kaɗan. Ko Ruwan Bagaja ɗin ki riga su karanta babin da daddare, in kin ga wurin da za ki tsallake ki tsallake, ba laifi ba ne.

Sannan ki sa ido, yara ba sa cewa ina kewar tsohon gidanmu ko ina jin haushin jaririn nan, amma za ki ji mai 7 ta nace tana tambaya me ya sa sarki ya tafi ya bar Musa, yaushe zai dawo. In kin ji irin wannan ki ajiye darasin ki amsa mata a natse, ba Musa kaɗai take tambaya ba.

Ranakun da komai ya cakuɗe, kuma za su zo da yawa, jariri ba lafiya ko baƙi sun cika gida 'yan gaisuwa ko ke kanki jiki ya ƙi, ki zubar da komai ki riƙe abu biyu, karatun nan na tare da kuma minti goma sha biyar na mai 7. Ko a kan gado ne kina shayarwa. Ki sa masa lokaci ɗaya da ba ya canjawa, ni na fi son da hantsi bayan an karya, ido da haske ba ruwanki da ko an kawo wuta, don yaran da aka canja musu gari da makaranta da abokai suna samun natsuwa in akwai abu guda da suka san kullum yana nan a lokacinsa.

Wata tambayar da na san maigida zai yi ita ce Turanci fa, tunda jarabawa da Turanci ake yi. Gaskiya ne, kuma dole a ba shi lokacinsa kullum. Amma ki kwantar da hankalinsa, yaron da ya iya karatu da harshensa ba ya sake koyon karatu daga farko, harshen kawai zai koya. An gwada wannan a ƙasar nan, a Ile-Ife daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci shirin da aka koyar da yara firamare shekara shida da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza a Turancin ba, sun ma fi takwarorinsu a darussa da dama. Ga manyan biyu ki nemo The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, labarin a Arewa yake, sunaye da garuruwan duk sun san su, sai Chike and the River na Chinua Achebe ga mai 10, Turancinsa mai sauƙi ne.

Lissafi kam ba ya fitowa daga adabi, kar kowa ya ruɗe ki. Wancan na fam da sule ɗanɗano ne kawai. Lissafi tsani ne, sai an taka na ƙasa ake hawa na sama, kowane yaro da littafin ajinsa wanda ya bi manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, shafi bayan shafi, kullum. In kin san naki lissafin ya tsaya a wani wuri, musamman na ƙaramar sakandare da kimiyya, ki nemi malamin lesin ko sau uku a sati ne, kuɗinsa bai kai kuɗin makarantar mutum huɗu ba.

Wanda ya kawo ni kan babbar, kuma a nan zan faɗa miki abin da wataƙila ba shi kike so ki ji ba. Ƙananan uku shekara guda a gida ba za ta cuce su ba in an yi yadda na ce. Ita kuwa ban so ta wuce zango ɗaya, in ya yi yawa biyu. Tana dab da jarabawar kammala ƙaramar sakandare, kuma wannan ta hannun makaranta ake rajistarta, ba kamar WAEC da NECO na ƙarshen sakandare ba da suke da ta 'yan waje. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. Bayan wannan akwai abin da na sha gani da idona, yarinya mai 13 a gidan da ke da jariri da tsohuwa, a hankali ba da niyyar kowa ba sai ta koma mai raino da wanke-wanke, yau a ce riƙe shi in yi wanka gobe a ce ɗora mana girki, shekara ta cika a ce ai ta girma da komawa ajin. Biya wa ƙannenta karatu na rabin awa yana ƙara mata, amma ta samu awanninta da ba mai kiranta ko da jaririn yana kuka. In kuɗin mutum ɗaya kawai za ku iya biya a waccan makarantar mai nisa, ita za a biya wa. In ma ta gwamnati ce a kusa a sa ta, abin da ya rage ku cike a gida.

Dukkansu kuma ki sa su islamiyyar unguwa da yamma tun satin nan, ban da karatun addinin da za su samu, a nan za su yi abokai a sabon gari, ke ma ki san matan unguwa.

Na ƙarshe, ki saya wa kowa littafin rubutu mai kauri, duk aikin da aka yi a sa kwanan wata a sama, kar a yaga ko shafi ɗaya. Ki karɓo sakamakonsu na ƙarshe da takardar canjin makaranta daga inda kuka baro tun yanzu kafin a manta da ku. Maigida kuma ya je ya ga hedimastan makarantar da kuke sa ran kai su, ya gaya masa halin da ake ciki, ya tambayi littattafan da suke amfani da su a kowane aji don ku sayi irinsu, ranar da za a mayar da yaran sai a tafi da littattafan rubutun nan a nuna, a yi musu gwaji a sa kowa ajin da ya dace da shi ba a mayar da shi baya ba.